Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, har ga kayan shago

 

A makon jiya wani ɗalibi da ke taya yayarsa tsaron shago a Birmingham ya aiko mini da tambaya. Ya ce ciniki ya tsaya musu wuri ɗaya, bai ragu ba bai ƙaru ba, kuɗin haya kuwa ya ƙaru. Shi yana ganin a sauya wa kaya wuri ko idon masu saye zai buɗe, ita kuma ta ce kada ya kuskura ya taɓa mata ko gwangwani ɗaya, domin kwastomominta sun saba. Yana so in raba musu gardama. To ƙanena, kowannenku yana da gaskiya, sai dai rabi-rabi kuka riƙe ta. Ni ma sai da na kusa korar mana mutane kafin in gane haka. Bari in ba ka labarin, sauran masu karatu su ma su ɗebi abin da zai amfane su.

Karatu ne ya kawo ni Landan, kamar da yawa daga cikinku. Takardar zama ta ɗalibi ta ba ni damar yin aiki awa 20 a mako lokacin da makaranta ke ci, kuma a shagon kawuna na riƙa ƙarar da awannin nan, a unguwar Peckham da ke kudancin birnin, ba nisa da titin Rye Lane. Hausawa ba mu da yawa a wannan yanki. Akasarin masu shigo mana Yarbawa ne da Ibo da 'yan Gana da 'yan Saliyo da mutanen Jamaika. Namu 'yan'uwan daga nesa suke zuwa, ranar Asabar ko bayan an sauko daga Juma'a. Shagon ɗan ƙarami ne: layin kanta biyu a tsakiya, kanta a jikin bango hagu da dama, firiza biyu a ƙurya, teburin biyan kuɗi kusa da ƙofa. Tun ranar da Kawu ya buɗe shi, inda ya ajiye kowane kaya nan yake, har inuwar buhun shinkafa ta fito a jikin bango.

Abin da ya fara tayar mini da hankali wata baiwar Allah ce, mutuniyar Damagaram, wadda ta shekara uku tana sayen shinkafa da manja a wurinmu. Rannan tana tsaye a layin biya sai na ji tana waya, tana roƙon ƙanwarta ta nemi matafiyi ta aiko mata da kuka da busasshiyar kuɓewa, ko nawa ne kuɗin kilo za ta biya. Da ta kashe wayar na ce, "Anti, ai muna da kuka." Ta dube ni kamar na faɗi abin da ba zai yiwu ba. Na zagayo na nuna mata: tana can a kantar ƙasa, bayan ƙofa, damin tsintsiya ya kare ta. Shekara uku tana wucewa ta gefenta. Da na sunkuya zan ɗauko mata, sai hannuna ya taɓa wani katan a can ciki. Madarar gari ce, katan guda cif, wa'adinta ya wuce da watanni. Kuɗin Kawu ne a kwance suka mutu, ba ɓarawo ba gobara.

Da dare na kai wa Kawu magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, ciniki na Allah ne. Mai son abu zai tambaya, matambayi ba ya ɓata."

Ban ga laifinsa ba, domin na san inda ya koyi kasuwanci. A kasuwar Singa ta Kano ya tashi yana yaron shago. Can a gida mai saye ba ya shiga cikin kaya. A bakin kanta yake tsayawa ya ce a ba shi kaza, yaro ya shiga ya ɗauko. Mai shago ne zai ce, "Hajiya, an kawo sabon man gyaɗa fa, ba za ki duba ba?" Bakin mai kaya ne yake talla, saboda haka duk inda aka jibge kayan daidai ne, muddin yaro ya san wurin. Ita kanta kasuwa a ƙasar Hausa bisa zama wuri ɗaya aka gina ta. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma kowace sana'a da layinta. Mai neman atamfa ya nufi Kantin Kwari, mai neman hatsi ya nufi Dawanau. Wanda ya tashi a cikin wannan tsari, in ka ce masa ya ɗaga kaya daga inda aka san su, gani yake kamar ka ce ya tashi daga rumfarsa.

Amma a nan ba haka ake ciniki ba. Mutum yakan shigo ya ɗauki kwando, ya zaga da kansa, ya zo ya biya, wani lokaci ko gaisawa ba a yi. Wannan tsari ba tun fil azal yake ba. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Saunders ne ya shahara da shi, lokacin da ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis a 1916, ya bar mutane su ɗauki kaya da hannunsu maimakon a miƙo musu. Daga ranar da aka cire kanta daga tsakanin mai saye da kaya, aikin da bakin mai shago yake yi ya koma kan jeren kayan. Abin da ido ya gani shi ake saye. Abin da ya ɓuya kuwa, ko ya fi kowanne kyau, kwantai zai yi. Kuma baƙo a ƙasar mutane ba ya son yawan tambaya, ko don kunya, ko don sauri, ko don harshe. Matambayin da Kawu yake jira ba zai zo ba.

Akwai kuma abin da sabo yake yi wa ido. Wanda ya saba da shago ba ya kallo, ƙafarsa ce take kai shi. Ya shigo, ya yi dama, ya ɗauki burodi, ya miƙe wurin firiza, ya juyo ya biya. Duk abin da ba ya kan wannan hanya tasa, a wurinsa babu shi. Mai shagon ma haka idonsa yake mutuwa. Kawu yana wuce katan ɗin madarar nan sau nawa a rana, bai taɓa ganinsa ba. Hausawa suka ce sabo turken wawa, kuma a shago turken nan yakan ɗaure mai saye da mai sayarwa a lokaci guda.

Na shiga karance-karance a ɗakin karatu na makaranta. Na ci karo da littafin wani Ba'amurke, Paco Underhill, mai suna Why We Buy, wanda ya fito a 1999. Shi mutumin aikinsa ya tsaya yana kallon yadda mutane ke yawo a cikin kanti. Abu biyu na riƙe daga wurinsa. Na farko, wanda ya shigo daga titi ba ya ganin abin da ke dab da ƙofa, domin bai gama rage sauri ba, idonsa bai gama sabawa da hasken ciki ba. Na biyu, in hanya ta yi ƙunci har masu wucewa suna gogar mutum ta baya yana duba kaya, yakan ajiye kayan ya yi gaba. Na duba shagonmu, na ga duk biyun muna da su. Sai kaina ya yi girma, na ɗauka na fi Kawu sanin kasuwa.

A watan Janairu Kawu ya tafi Umra, daga can zai wuce gida, mako uku ke nan. Ya damƙa mini makulli. Daren Asabar ta farko, bayan mun rufe, ni da ɗayan yaron shagon muka tuɓe riguna muka hau aiki. Ba mu bar komai a inda yake ba. Shinkafa ta koma ƙurya, wai don mai nemanta ya ratsa shagon duka ya ga wasu kayan. Doya da agade suka dawo bakin ƙofa don su jawo ido. Sabulu ya hau kantar da ke kusa da ganyen shayi saboda launin kwalayensu ya dace da juna. Sai asuba muka gama. Na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi, har hoto na ɗauka.

Garin neman gira aka kusa rasa ido. Doya ba ta son sanyi, ni kuwa na ajiye ta inda iskar Janairu ke bugunta duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Kafin mako ya zagayo ta fara ruɓewa daga ciki. Manjan da ke kusa da ita ya daskare a cikin galan, masu saye suna juya shi suna ajiyewa. Wata mata ta dawo da kwalin shayi ta ce ƙamshin sabulu yake yi, kuma da gaskiyarta. Wani direban bas da yakan shigo a guje cikin 'yan mintunan hutunsa ya zaga sau biyu bai ga garin rogo ba, ya yi tsaki ya fita. Matan da ke aikin kula da tsofaffi, waɗanda ke biyowa da sassafe bayan aikin dare ido duk barci, suka riƙa tambayata da faɗa-faɗa ina na kai musu kaza. Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya faru da Hajiya.

Hajiya tsohuwa ce, mutuniyar Zariya, ɗanta ya kawo ta don a duba mata ido, zama ya kama ta. Ba ta jin Turanci, ba ta karanta boko, ganinta kuma ya yi rauni. Amma duk ranar Talata takan tako ita kaɗai daga gidan ɗan nata, da sandarta da jakarta. Ba ta neman taimakon kowa. Hannunta ya san inda gero yake, da tsamiya, da daddawa, da kanwa. In ta zo biya sai ta tsokane ni irin na kaka da jika, ta ce, "Maigida, yau ma ba ka ba ni kuɗin cefane ba." Ni kuma in ce, "Amarya, ai shagon duka naki ne."

Talatar nan ta shigo kamar kullum, ta miƙa hannu inda gero yake, ta ɗago kwalbar man shafawa. Ta ajiye, ta laluba gaba, ta taɓa taliya. Ina wurin biya layi ya yi tsawo, ina hangenta ta tsaya a tsakiyar shagon tana juya kai, mutane suna ratsa ta. Kafin in sallami na gabana ta fita, jakarta ba komai. Ba ta ce mini maigida ba. Talata ta gaba ba ta zo ba, ta gaba ma haka.

Da Kawu ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa da jakar tsaraba a hannu, ya daɗe yana kallo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, shago ka gyara ko mutane ka kora?" Na fara kawo masa bayanin littafi, ya ɗaga mini hannu. "Ina Hajiya?" Na yi shiru. Ya ce, "Ɗauki gero da tsamiya, ka zo mu je."

Mun same ta a falo tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, sannan ta ƙara da maganar da har yau ban manta ba. "Ɗan nan, ni a garin nan komai baƙona ne. Mota sai an hau da ni, asibiti sai an yi mini tafinta, ko murhun gidan nan sai an kunna mini. Wuri ɗaya ne nake shiga in yi abina da hannuna kamar mutum. Shi ne ka hargitsa." Ban sami abin cewa ba. A ranar na gane cewa a wurin wasu, kantar shagonmu ba wurin ajiye kaya kaɗai ba ce, wani ɗan yanki ne na gida da suka haddace.

Da labarin a nan ya ƙare, da sai in ce wa ɗalibin Birmingham ya bi maganar yayarsa ya zauna lafiya. To amma da Kawu ya zauna da littafin ciniki, sai ya ga wani abu. Kuka da kuɓewar da na ɗago daga bayan ƙofa zuwa daidai ido sun ƙare, har ana tambaya. Man kaɗe da sabulun salo da suka shekara suna shan ƙura sun motsa. Citta da kanumfari da na ajiye kusa da zoɓo sun tafi tare da shi. Ya rufe littafin ya ce, "Haukan naka da ɗan hankali a ciki." A daren muka mayar da manyan kaya inda suke, muka yi yarjejeniyar da muke bi har yau, shekara bakwai ke nan.

Yarjejeniyar ita ce kayan shago iri biyu ne, akwai turaku akwai 'yan yawo. Turaku su ne abin da yake kawo mutum shagon tun daga gida: shinkafa, garin rogo, garin tuwo, gero, wake, manja, man gyaɗa, dunƙulen magi, daddawa, da abin da ke cikin firiza. Waɗannan ba a taɓa su. Mai sauri ya same su ido rufe, tsohuwa ta same su da laluben hannu. 'Yan yawo kuwa su ne abin da mutum bai fito dominsa ba, amma in ya gani zai tuna yana so: zoɓo, man kaɗe, lalle, turaren wuta, yajin tsire, dabino, sabon kayan da ba a san mun kawo ba. Su ne muke zagayawa da su. Wuri uku muka ware musu: wani ɗan tebur da ke taku uku daga ƙofa, ba dab da ita ba, da goshin layin kanta na tsakiya, da gefen teburin biya. In ka lissafa, abin da yake motsi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na shagon ba. Amma da yake nan ne ido yake fara sauka, mai shigowa gani yake kullum akwai sabon abu.

Ba kuma don marmari muke sauyawa ba, kalanda muke bi. Mako biyu kafin azumi teburin nan na gero ne da tsamiya da dabino da waken ƙosai da sukari. Ku tuna azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, don haka wanda bai rubuta ba zai farga an ga wata kayansa suna sito. Kafin babbar Sallah sai yaji da citta da tafarnuwa da gawayi da tsinken tsire da ledar ajiye nama su hau. A watan Satumba, lokacin da sababbin ɗalibai ke sauka, muna fito da ƙananan ƙunshi: shinkafa kilo 2, taliyar Indomie, tumatirin gwangwani, ƙaramar tukunya, da buta, wadda ɗalibi ba ya tunawa da ita sai ya kwana ɗaya a ɗakin makaranta. In sanyi ya shigo, ana yin duhu tun ƙarfe 4 na yamma, sai citta da zuma da lemon tsami da man shafawa su matso gaba, doya da agade da manja su koma ciki nesa da ƙofa. A watan Disamba kuma maƙwabtanmu masu bikin Kirsimeti ne ke da teburin.

Wani abin da ya yi mana amfani shi ne jera kaya bisa tukunya, ba bisa iri ba. Manyan kantuna sukan tara kayan ƙamshi a layi ɗaya, hatsi a wani. Mu kuwa tambaya muke yi, me matar nan za ta dafa yau? Mai miyar kuka tana son kuka da daddawa da busasshen kifi da barkono, to su zauna kusa da juna. Mai zoɓo tana son citta da kanumfari. 'Yan'uwanmu na Gana masu dafa waakye, wato shinkafa da wake irin tasu, suna neman karan dafi da kanwa, sai muka rataye su a gefen buhun wake. Wannan ba dabarar cuta ba ce. Ka hutar da mutum dawowa cikin ruwan sama saboda ya manta abu ɗaya, kai kuma ka yi ciniki biyu a maimakon ɗaya. Sai dai a kula da wari. Sabulu da turare da kifi da daddawa kada su kusanci shayi da madara da gari, domin waɗannan suna shan ƙamshin maƙwabcinsu. Maganin wanke-wanke kuma kantarsa daban, a ƙasa, nesa da abinci.

Kuskuren da na yi na farko shi ne sauya komai a dare ɗaya, ta yadda ko an samu ƙari ba ka san daga ina ya zo ba. Yanzu abu ɗaya muke ɗagawa. Ina da ɗan littafi a ƙarƙashin teburin biya, in rubuta ranar da na ɗaga kaya, daga ina zuwa ina, da guda nawa ne a kan kanta. Bayan mako huɗu in ƙirga. Na ce mako huɗu ne domin a nan akasarin mutane ƙarshen wata suke karɓar albashi, in ka gwada makon albashi da makon tsakiyar wata za ka yaudari kanka. Abin da ya motsa ya samu wurin zama. Abin da aka kai shi gaba, aka kai shi daidai ido, aka haɗa shi da abokin tukunyarsa, duk bai motsa ba, to ba wuri ne matsalarsa ba, ba a son sa ne. A karya kuɗinsa a rabu da shi, kada a sake saro shi. Jarin da ke kwance a kan kanta ba ya biyan haya.

Duk wata uku kuma mukan zaɓi kanta ɗaya mu sauke ta gaba ɗaya, mu goge, mu duba bayanta, mu mayar da kowane kaya inda yake, tsoho a gaba sabo a baya. A nan ake kama ledar da ta fashe, da alamar ɓera tun bai yi iyali ba, da kayan da wa'adinsu ya kusa. Masu shago a Ingila sun san ma'aikatan duba tsafta na ƙaramar hukuma ba sa sallama kafin su zo, kuma makin da suke bayarwa daga 0 zuwa 5 kowa yana iya dubawa a intanet. Ku kuma bambance kwanan wata iri biyu da ke jikin kaya. Akwai wanda yake cewa kada a ci bayan ranar kaza, wannan na lafiya ne, kuma laifi ne sayar da shi in ranar ta wuce. Akwai wanda yake cewa ya fi daɗi kafin ranar kaza, wannan na inganci ne. Duk wanda ya kusa, muna da kwando na musamman da muke zuba shi, mu rage kuɗi, mu rubuta dalili ɓaro-ɓaro. Tura kayan da suka kusa lalacewa gaba a yi shiru, wannan algus ne, ba gyaran shago ba.

Wannan ya kawo ni ga iyakar da ya kamata mai shago ya sani. Manyan kantuna sun ƙware a wannan fanni, har kamfanoni kan biya su kuɗi don a ajiye kayansu a wuri mai kyau. Abin ya kai ga hukuma ta sa baki. Tun watan Oktoba na 2022 doka a Ingila ta hana ajiye kayan zaƙi da na maiƙo da masu gishiri da yawa a bakin ƙofa, da goshin layin kanta, da wurin biyan kuɗi. Dokar ta shafi kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ne, kuma kantin da girmansa ya haura murabba'in ƙafa 2,000, don haka irin namu ba ya ciki. Duk da haka mun ɗauke alewa da cakulan daga daidai idon yara a wurin biya, bayan na sha ganin uwa tana ƙirga 'yan sulallanta yaro yana birgima a ƙasa. Ribar alewa ba ta kai a kunyata kwastoma a gaban mutane ba. Ku kuma ɗalibai da kuke sayayya a manyan kantuna, ku rubuta abin da kuka fito saye tun daga ɗaki, ku riƙa sunkuyawa kuna duba kantar ƙasa inda mai araha yakan ɓuya, ku karanta ƙaramin rubutun da ke nuna farashin kilo, ba na ƙunshi kaɗai ba.

Kada a manta da hanya. Duk jeren da za ka yi, ka tabbata keken jariri da keken marasa lafiya za su wuce ba tare da sun ture komai ba, kuma kada katan ya toshe ƙofar fita ta baya ko na minti ɗaya. Kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. In kuma dole ta sa za ka ɗaga wani turke, kamar lokacin da muka sayi sabuwar firiza, ka fara faɗa wa mutane tun da mako guda, ka tsaya a tsakiyar shago ranar farko kana nuna musu da hannu.

Na san da yawa daga masu karanta wannan fili ba irin shagonmu suke da shi ba. Wani kwantena ce a Nima ko Sabon Zongo a Accra, wani ɗan kanti ne a Kumasi ko Garwa ko Njamena, inda har yanzu mai saye a waje yake tsayawa. Ku ma abin ya shafe ku, domin abin da ke fuskantar taga shi ne tallarku. In shekara biyu ke nan gwangwanin da ke gaban taga bai sauya ba har rana ta cinye launinsa, mai wucewa ya daina ganin shagon ma baki ɗaya. Mai kasa tumatir a bakin hanya ya riga mu sanin wannan: duk bayan ɗan lokaci takan yayyafa ruwa, ta juya kashin, ta ɗora jajayen a sama.

Saboda haka ƙanena na Birmingham, kada ka jira yayarka ta yi tafiya ka yi irin aikina. Ka roƙe ta tebur ɗaya kawai na wata ɗaya. Ka ɗora masa abu uku da suka daɗe ba su motsa ba, ka rubuta adadinsu a gabanta, in wata ya cika ku ƙirga tare. Littafin zai yi maka gardamar da bakinka ba zai iya ba. Ke kuma Yaya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ki ba yaron nan dama. Amma kafin ku ɗaga kowane kaya, ku tambayi kanku: hannun wa ya haddace wurin nan?

Hajiya ta dawo tun Talatar da ta biyo bayan zuwanmu gidanta. Geronta yana nan inda ta san shi, a kanta ta biyu daga ƙasa, hannun dama, kuma duk yaron da muka ɗauka aiki wannan ne abu na farko da ake nuna masa. Kawu kuwa yanzu shi ne yake riga ni cewa teburin gaba ya daɗe bai sauya ba. Jiya ma na same shi da sassafe yana jera zuma da citta, yana ta faɗan wai yaran zamani ba su san sanyi ya shigo ba.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba. Allah ya sa albarka a neman kowa. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.